Ina so in sayi tsibiri mai gida a tsakiyar tabki, me ya kamata in sani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina zaune a Kanada da iyalina. Kwanan nan wani dillali ya nuna mini ƙaramin tsibiri a Georgian Bay, ɓangaren tabkin Huron, da gidan katako mai ɗaki uku a kansa, babu maƙwabci ko ɗaya. Raina ya biya sosai, domin na daɗe ina son wurin da za mu riƙa zuwa hutu da bazara. Tunda aikinka duba gine-ginen bakin ruwa ne, me ya kamata in sani kafin in sa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ban ga laifinka ba da ranka ya biya. Gabashin Georgian Bay yana da tsibirai wajen 30,000, babu tarin tsibiran ruwan daɗi da ya kai shi a duniya, kuma tun 2004 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Falalen dutse mai ja-ja, itatuwan da iska ta karkatar gefe guda, ruwa garau har kana hango ƙasansa. Duk wanda ya kwana a irin wurin nan ya san shirun da ake samu a can ba a samunsa a gari. Zan gaya maka abin da na sani ne domin ka saya da idonka a buɗe, in har sayen ya dace da kai.

Abu na farko, ka ajiye hotunan gidan tukuna. Gida a kan tsibiri ana iya gyara shi, ana iya rushe shi a sake wani. Abin da ba ka da ikon canzawa shi ne ruwan da ke tsakaninka da shi, kuma wannan ruwan ne zai yanke sau nawa za ka je, da wa za ka je, da abin da kowane buhun siminti zai ci kafin ya isa. Saboda haka binciken tsibiri daga tudu ake fara shi.

Ka tambayi dillalin: a ina zan ajiye motata, a ina jirgina zai riƙa kwana? Yawancin masu tsibirai haya suke yi a tashar ƙananan jirage, shekara-shekara, wurin mota daban, wurin ɗaure jirgi daban. Tashar ta wani ce. Yana iya ƙara kuɗi, yana iya sayar da ita ga mai son gina otal, kuma a wasu tashoshin sai mutum ya shiga layi kafin ya sami gurbi. Idan mai sayarwa ya ce maka "ai muna da wuri a tashar can tun zamanin kakana", ka nemi ganin takarda. Wani lokaci za ka tarar mutunci ne kawai tsakanin iyalai biyu, kuma mutunci ba ya bin takardar ciniki. Tsibirin da ya zo da ɗan fili a tudu, ko da rubutaccen haƙƙin ajiye mota da jirgi a cikin takardar mallaka, ya fi wanda ya ninka shi kyau amma ba shi da wannan. Ni a wurina wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce masu saye suka fi mantawa.

Daga nan sai hanyar kanta. Kada ka tsaya a kan minti nawa ne. Ka buɗe taswirar ruwa ka ga irin ruwan da za ka ratsa. Girman igiyar ruwa ya dogara ne da ƙarfin iska, da daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da nisan buɗaɗɗen ruwan da ta ratso ba tare da wani abu ya tare ta ba. Georgian Bay ya kai tsawon kilomita 190 da faɗin kusan 80, iska kuma ta fi zuwa daga yamma, tsibiran kuwa suna gabas. Ke nan tsibirin da ke layin waje yana karɓar igiyar da ta taso tun daga ɗaya gaɓar, alhali wanda ke can ciki, a bayan wasu tsibirai, ruwansa a kwance yake a wannan ranar. Tafiyar minti arba'in ta cikin lungunan da ke da kariya ta fi ta minti goma sha biyar da ke da buɗaɗɗen wuri guda a tsakiya, domin wannan wuri guda shi zai hana ka tafiya duk ranar da iska ta tashi. Igiyar manyan tabkuna gajera ce, mai tsayuwa, tana zuwa kusa da kusa, ƙaramin jirgi ba ya samun numfashi tsakanin ɗaya da ta biyu. Mutane suna raina tabki don ba teku ba ne. A ranar 10 ga Nuwamba 1975, jirgin dakon ma'adinai Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, ya nutse a tabkin Superior da mutum 29, babu wanda ya tsira. Ga kuma duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa, waɗanda yankin da kake magana ya yi suna da su. Wanda ya tashi a wurin yana sanin su kamar tafin hannunsa, baƙo kuwa farfelar injinsa ce take gaya masa inda suke.

Shawarata, ka sa a kai ka tsibirin ranar da ake iska, ka kuma sake zuwa da magariba ka dawo cikin duhu. Dillali zai so ya kai ka da safe a watan Yuli, ruwa lumui. Gani ya kori ji, amma ganin rana ɗaya mai kyau bai isa ba. Idan akwai masu fito a yankin, waɗanda ke kai mutane da kaya a biya su, ka zauna da ɗayansu ka tambaye shi kwana nawa a bazara yakan ƙi zuwa wannan tsibirin. Amsarsa ta fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Idan kun isa, kafin ka shiga gidan ka tsaya a inda aka ɗaure jirgin. Tsibirin kirki yana da lungu a gefen da iska ba ta bugawa, mai zurfin da jirgi zai shiga ya kwana ba tare da ka tashi tsakar dare kana duba igiya ba. Akwai tsibirai masu kyan gani da ba su da irin wannan lungu ko ɗaya, kuma babu kuɗin da zai ƙirƙira shi, domin hukuma ba ta barin mutum ya fasa dutse ko ya cike ruwa yadda ya ga dama. Ka auna zurfin da kanka, sannan ka tuna ruwan da ka gani yau ba nan zai tsaya ba. Tabkin Huron ya yi ƙasa mafi muni a tarihin awonsa a Janairun 2013, mutane suka wayi gari maɗaurar jiragensu tana tsaye a kan busasshen dutse, wasu lungunan ma jirgi ya daina shiga. Zuwa 2020 ruwan ya dawo ya hau har ya kusa kamo matsayin da ya kai a 1986, ya shanye maɗaurai da ɗakunan ajiye jirage. Tsakanin mafi ƙasa da mafi sama akwai kusan mita biyu. Don haka ka tambayi kanka abu biyu: in ruwa ya sauka da mita ɗaya, jirgina zai shigo? In ya hau da mita ɗaya, ga igiya a kai, me zai taɓa? Alamar tana jikin dutse, za ka ga layin da ruwa ya taɓa kaiwa. Maɗauri mai yawo a kan ruwa, wanda ke hawa da sauka tare da shi, ya fi dacewa da irin wannan tabki, sai dai dole a janye shi zuwa wuri mai kariya kafin ƙanƙara. Bayan wannan hawa da saukar na shekaru, akwai na sa'o'i: iska mai ƙarfi takan tura ruwan tabki gefe guda, in ta lafa sai ya dawo yana kai da komo. Irin wannan ne ya share mutum 8 daga bakin ruwa a Chicago a watan Yunin 1954.

Yanzu kai kanka, ka iya tuƙin jirgi? A Kanada dole ne mai tuƙa jirgi mai inji ya mallaki katin shaidar ƙwarewa, jarrabawar kuma ba ta da wuya, shi ya sa katin ba ya nuna mutum ya iya. Ka nemi wanda zai koya maka a kan ruwa: shiga maɗauri da iska a gefe, karanta alamomin hanya ja da kore, abin yi in inji ya mutu. Kuma kada ya zama kai kaɗai ka iya. Uwargida ta koya, manyan yara su koya. Ranar da kai ne ka faɗi daga tsani, wani ne zai tuƙa. Rigar ceto kuwa a jiki take amfani. A watan Mayu rana tana da daɗi amma ruwan bai fi 'yan digiri kaɗan ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ruwan sanyi ke yi wa mutum da lamba uku: minti ɗaya kana kokawar daidaita numfashi, minti goma hannu da ƙafa suna aiki kafin su mutu, sannan kamar awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Wanda ba ya sanye da rigar a cikin minti goman nan yake nutsewa, komai iya iyonsa.

Ka sa a ranka gidan rabin shekara kake saya. Galibi ana buɗewa a watan Mayu a rufe a Oktoba. Akwai makonni a farkon hunturu da ƙarshensa da ƙanƙara ta yi kaurin da jirgi ba zai wuce ba, ba ta kuma kai ƙarfin ɗaukar mutum ba. A wannan tsakanin babu shiga babu fita, sai ga masu wani jirgi mai farfela a sama da mutanen yankin ke kira scoot, wanda ke sulɓi a kan ruwa da ƙanƙara duka. Tsakiyar hunturu wasu suna zuwa da babur ɗin ƙanƙara, amma ban ba sabon shiga shawarar haka ba. Ƙanƙarar da ba ta kai santimita 10 ba ko ƙafa ba a ɗora mata, fara mai haɗe da dusa rabin ƙarfin garau gare ta, kuma a matsatsin da ke tsakanin tsibirai ruwa yana gudu a ƙasa yana cinye ta ba tare da an gani daga sama ba.

Rufe gidan aiki ne na gaske. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, don haka ɗan abin da ya rage a gwiwar bututu ya isa ya tsaga shi. Ana zuƙe tankuna, a hura iska cikin bututai, a zuba maganin hana daskarewa marar guba a masai da magudanai, a ciro famfon da ke jan ruwa daga tabki, a kwashe duk abin ci domin ɓeraye, beyar ma tana iyo tana zuwa. Sannan ka tafi ka bar gidan wata shida ga dusar ƙanƙara da iska. In reshe ya huda rufi a Disamba, sai Mayu za ka sani. Shi ya sa masu hankali suke biyan wani ɗan yankin ya riƙa leƙawa.

Sai takardu. A nan ka ɗauki lauyan da ya saba da filayen bakin ruwa na wannan yankin, lauyan da ya yi maka cinikin gidan gari ba lallai ya san ramukan ba. A wurare da yawa na lardin Ontariyo, inda Georgian Bay yake, masu awon farko sun ware zirin ƙasa mai faɗin ƙafa 66, wato kamar mita 20, a bakin ruwa domin hanya. Ba a taɓa yin hanyar ba, amma zirin yana hannun hukuma har sai mai fili ya nema ya saya. A ƙaramin tsibiri mita 20 daga kowane gefe na iya zama rabinsa, wani lokaci gidan ma a kai yake zaune. Ka sa safiyo ya auna, lauya ya tabbatar ko akwai irin wannan ko wani keɓe na gwamnati a takardar asali. Ƙasan tabkin kuma galibi na gwamnati ne, shi ya sa wasu ayyukan maɗauri da gyaran gaɓa suke buƙatar izini. Ka kuma tabbatar mallaka ce ake sayar maka, domin akwai gidajen hutu a yankin da ke kan filayen al'ummomin asali na ƙasar, waɗanda haya ce ta shekaru, ginin naka, ƙasar tasu. Wannan ba aibu ba ne in ka sani ka yarda, amma lissafinsa daban.

Tsohon gida da aka gina dab da ruwa kafin dokokin yanzu yawanci ana barinsa yadda yake. Matsalar tana tasowa ranar da ka so ƙara ɗaki ko ɗaga bene, sai ƙaramar hukuma ta ce sabon gini dole ya ja baya da tazarar da tsibirin ba shi da ita. Idan a ranka akwai faɗaɗawa, ka je ofishin tsare-tsare kafin ciniki ka ji ta bakinsu. Ba ka faɗi matsayinka a ƙasar ba: in kai ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, shi ke nan. In ba haka ba, Ontariyo tana ɗora wa baƙo harajin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gidan tun Oktoban 2022, ko'ina yake a lardin. Dokar tarayya da ta hana baƙi sayen gidaje daga farkon 2023 ta fi shafar birane da kewayensu, yawancin tsibirai suna wajenta, amma lauya ya duba maka wannan tsibirin takamaimai.

Wani abu kan kaɗaicin da kake nema: tsibirin naka ne, ruwan da ke kewaye da shi na kowa ne. Mai kamun kifi zai iya tsayawa mita kaɗan daga tagarka, jirgin 'yan hutu zai iya jefa anga a lungunka ya kwana. A Finlan, inda tabkin Saimaa kaɗai ke da tsibirai kusan 14,000, abin ya wuce haka, doka ta ba kowa damar sauka ya yi yawo a filin wani muddin bai kusanci harabar gida ba. A Ontariyo ba haka ba ne a kan tudu, amma ka duba ko tsibirin yana bakin babbar hanyar jirage, domin in haka ne ƙarar inji da igiyar da suke tayarwa za su zama abokan zamanka duk ƙarshen mako.

Ruwan sha da bayan gida su ne inda nake ganin an fi yin sakaci, kuma abin yana damuna, domin ruwan da kake zubarwa shi ne wanda 'ya'yanka za su yi wanka a ciki gobe. Tsibiran nan dutse ne da 'yar ƙasa a sama, wani wurin ba ta kai taƙi ɗaya ba. Sokawe yana buƙatar ƙasa mai zurfi da za ta tace ƙazanta, dokar gini ta lardin kuma ta ce aƙalla mita 15 tsakaninsa da tabki, wasu ƙananan hukumomi sun ƙara a kan haka. Inda babu ƙasa, sai an yi dakon yashi da jirgi an gina tudun tacewa, ko a sa masai mai mayar da bayan gida taki, a yi wa ruwan wanka da wanke-wanke nasa ramin daban. Ka nemi takardar izinin abin da ke wurin, da shekarar da aka yi shi, ka sa a buɗe a duba. Tsofaffin gidaje da yawa wani tsohon tankin ƙarfe ne a binne yana yoyo cikin tsagar dutse. Sinadarin fosforos da ke fita daga irin wannan shi ke ciyar da gansakuka mai shuɗi-kore a lunguna marasa zurfi, wadda wani lokaci take fitar da guba, kuma tafasa ruwa ba ya kashe gubar. A watan Agustan 2014 irin wannan gansakuka a tabkin Erie ta sa aka hana mutum fiye da 400,000 a birnin Toledo shan ruwan famfo kusan kwana uku.

Ruwan sha daga tabkin ake ja. Komai kyansa a ido, akwai ƙwayoyin cuta daga dabbobi da tsuntsaye, don haka a bi da shi ta matatar ruwa mai tare laka sannan ta fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, a kuma riƙa kai samfuri gwaji. Bakin bututun ya kasance a ruwa mai zurfi, nesa da inda ake ɗaure jirage, a riƙa duba shi, domin ƙananan ƙumba masu zane da aka fara gani a tabkin St. Clair a 1988 sun bazu a manyan tabkunan suna toshe bututai.

Wuta ba ta da wuya kamar da. In akwai wayar lantarki da aka shimfiɗo ta ƙarƙashin ruwa, to madalla. In babu, sola da batir sun wadatar da gidan bazara, da ƙaramin janareta na ko-ta-kwana, intanet kuma ana samu ta tauraron ɗan'adam irin Starlink. Ka dai sani batirin lithiyam ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da sifili. Abin da nake roƙonka a kai shi ne na'urar gano iskar kabon monoksaid. Tsohon firji mai aiki da gas, ko janareta kusa da taga, suna fitar da wannan iska da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Ka sa na'urar a kowane ɗakin kwana, har da ƙananan ɗakunan baƙi da ke waje.

Gobara kuwa, ka ɗauka babu mai zuwa. Ko akwai 'yan kwana-kwana masu jirgi a yankin, gidan katako yakan ƙare kafin su iso. Ka mallaki famfo mai injin fetur da dogon tiyo da zai kai kowane gefen gidan daga tabki, kowa ya san yadda ake tayar da shi, a riƙa gwada shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A share busasshen ganye daga rufi da ƙarƙashin dandamali. A bazarar 2018 gobarar daji da aka yi wa laƙabi da Parry Sound 33 ta ci sama da hekta 11,000 a arewa maso gabashin Georgian Bay, aka kwashe mutane daga gidajen hutu, kuma tartsatsi yana tsallake ruwa. Kamfanonin inshora sun san duk wannan, shi ya sa wasu ba sa karɓar gidan da sai ta ruwa ake zuwa, masu karɓa kuma suna tsawwalawa, musamman in akwai murhun itace. Bankuna ma haka, sukan nemi kafin alƙalami mai kauri. Ka sami rubutaccen tayin inshora kafin ka sa hannu, ka sa shi cikin sharuɗɗan ciniki.

Haka batun lafiya. Ka lissafa da gaskiya: daga lokacin da wani ya riƙe ƙirji a tsibirin da dare, minti nawa kafin ya ga likita? A sauko da shi jirgi, a ƙetare, a haɗu da motar asibiti a tasha, a kama hanya. Idan kana da tsofaffi da kake son kawowa, ko yaro mai asma, wannan lissafin na iya sa ka zaɓi tsibirin da ya fi kusa da tudu ko da bai kai wancan kyau ba. Ka ajiye rediyon jirage, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, domin waya tana ɗaukewa a tsakanin duwatsu.

Kuɗin saye shi ne ƙaramin ɓangare. Duk abin da zai shiga tsibiri sai an ɗauke shi sau huɗu: daga mota zuwa maɗauri, zuwa jirgi, zuwa ɗaya maɗaurin, sannan a hau dutse da shi. Shara ma haka take komawa. Manyan kaya, katako, kwanon rufi, tukwanen gas, motar zuƙe masai, sai babban jirgin dako mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda ake kama layinsa tun da wuri. Kafinta da mai gyaran famfo suna lissafa lokacin da suka ɓata a kan ruwa, kuma duk masu tsibirai a 'yan watannin nan guda suke nemansu. Jirgi ɗaya bai isa ba, ana son ƙarami na biyu saboda ranar da babban ya ƙi tashi. Ga harajin ƙasa da za ka biya cikakke ko da babu titi babu kwasar shara. Gini a tsakiyar ruwa ba ya jiran mai shi ya sami sukuni. George Boldt, mai kula da otal ɗin Waldorf-Astoria na New York, ya fara gina fada mai ɗaki 120 a tsibirin Heart cikin Thousand Islands, tarin tsibiran kogin St. Lawrence, a 1900, matarsa Louise ta rasu a 1904 ya tsayar da aikin. Shekara 73 ginin yana hannun iska da ƙanƙara da ɓarayi, har hukumar gadar yankin ta karɓe shi a 1977 a kan dala ɗaya, aka shiga kashe miliyoyi ana gyara. Gini na dutse ke nan. Gidan katako mai ɗaki uku in aka yi watsi da shi bazara uku a jere, ka ga abin da zai zama.

Da duk wannan, akwai mutanen da tsibiri ya dace da su ƙwarai, kuma na ga yadda yake gyara iyali. Yaran da suka tashi suna zuwa irin wurin nan suna koyon karanta sama, da ɗaure igiya, da tattalin ruwa da wuta, da zama da juna babu inda za a gudu. Mutumin da yake jin daɗin gyara abu da hannunsa, wanda zai iya samun makonni a jere ba kwana biyu kawai ba, wanda in iska ta hana shi komawa aiki ranar Litinin duniya ba za ta tashi ba, shi tsibiri yake yi wa daɗi. Wanda hutunsa Asabar da Lahadi ne, ga tuƙin awa uku daga birni, zai tarar rabin hutun ya tafi a dako. Ka kuma tambayi uwargida tsakani da Allah, ita kaɗai, ba a gaban dillali ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne a gida yake mafarkin tsibiri, sauran suna bin sa ne don kada ransa ya ɓaci.

Don haka kafin ka saya, ka kama hayar gida a wani tsibiri a wannan yankin, mako biyu ko uku, kai ne mai tuƙi, kai ne mai dakon gas da shara. In da hali ka sake komawa a ƙarshen Satumba lokacin da sanyi ya fara shigowa, maƙwabta sun watse. Tsibirai ba sa saurin sayuwa, masu nemansu kaɗan ne, wannan yana ba ka lokaci yanzu, kuma shi ne zai hana ka fita da sauri in ka shiga ka ga bai yi maka ba.

In ka saya, ka yi maganar gado tun kana da ƙarfinka. A dokar harajin Kanada, ranar da mutum ya rasu ana ɗaukar kamar ya sayar da gidan hutunsa a farashin ranar, a biya haraji kan ribar, sai dai in matarsa ko mijinta ne ya gada, a nan ana jinkirtawa. Rangwamen da ke yafe wannan haraji a kan gidan da mutum yake zama a ciki kuma gida ɗaya yake rufewa ga iyali a kowace shekara. Iyalai da yawa sun sayar da tsibirin da suka yi shekara hamsin a kai don kawai su biya wannan harajin. Waɗanda suka riƙe kuma sukan tarar 'ya'ya huɗu sun gaji wuri ɗaya, ɗaya yana zuwa kullum, ɗaya yana wata ƙasa, ɗaya ba shi da halin biyan kasonsa na sabon rufi. Ka rubuta wasiyya, ka sa lauya ya tsara yarjejeniya da ta faɗi wa zai zo a wane mako, yadda za a raba kuɗin gyara, da yadda wanda yake son fita zai sayar wa 'yan'uwansa kasonsa da yadda za a ƙiyasta farashin. Ka kuma ajiye rasiɗin duk wani babban aiki da ka yi a gidan tun daga shekarar farko, domin ana cire su daga ribar da za a yi wa haraji.